Malam Garba Bakanike da Laifin da Ba Nasa Ba

Ina kwance ƙarƙashin wata babbar mota a garejina na Ikara, ranar Talata da hantsi, wani direba da ya taso daga Makarfi ya tsuguna ya kira sunana. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Malam Isa, sai haƙuri. Malam Garba ya cika da asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe a wurin na kasa fitowa. Kafin in isa Makarfi har an kai shi makwancinsa.

Shekara tara muka yi da shi a rumfa ɗaya a Makarfi muna gyaran motocin rake da na auduga. Ya girme ni, ya fi ni sanin aiki nesa ba kusa ba, amma bai taɓa ce wa kowa ni yaronsa ba ne, sai dai "abokin aikina". Ba ya ɗaukar sifana sai ya gama sauraron mai mota, komai tsawon surutunsa. Ya kan ce, "Mota ba ta ƙarya, mu ne ba ma tsayawa mu saurare ta." In ya ga ina gaggawar kwance wani abu, sai ya dafa hannuna ya ce, "Isa, wanda ya ɗaure wannan yana da dalili. Nemo dalilin tukuna."

Akwai abin da na ɓoye shekara huɗu, yau zan faɗe shi. Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, wani Baturen gona zai koma gida, ya sayar wa Alhaji Mudi, wani ɗan kasuwar Kudan, 'yar jar motarsa mai kujera biyu, marar rufi, wadda cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Alhaji ne mai manyan motoci uku da suke ci da rumfarmu. Ya aiko da ita a duba ranar da Malam Garba ya tafi biki Nasarawan Doya. Na leƙa ƙarƙashi na ga sifirin ɗin baya siriri, na ce a raina wannan ba za ta kai labari a hanyarmu ba. Sai na yi mata abin da muke yi wa motar rake: na ƙara falle biyu na ƙarfe a kowane gefe, na cika shakazoba, wato abin da ke shanye gargada, da man giya mai kauri, na ɗura wa tayoyi iska fiye da kima. Ban gaya wa kowa ba, ina jira a yaba mini.

Bayan mako guda Alhaji ya dawo a fusace, ranar kasuwa, yana dafe da ƙugu. Ya ce, "Garba, me kuka yi wa motata? Daga Kudan zuwa nan haƙorana kamar za su zube! Da Bature ke jan ta ba haka take ba."

Malam Garba ya cika kwanon sha da ruwa, ya ba ni na riƙe a cinyata, ya ja motar muka hau gargadar hanyar Ikara. Ba mu yi nisa ba ruwan ya ƙare a rigata. Ya tsaya, ya rage iskar tayoyi, muka sake cika kwanon a rafi, muka sake gwadawa. Ta ɗan yi sauƙi, amma baya na nan yana dukanmu. Ya fita ya danna gaban motar da ƙarfinsa, ta sauka da ƙyar. Ya danna bayan, ko motsi, kamar turmi. Sai ya kwanta ya ƙirga fallayen da yatsa, ya lakato man shakazoba ya murza ya sansana. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Wallahi na gwammace ya mare ni.

Da muka koma, mutane sun taru. Ya ce, "Alhaji, an yi wa ƙaramar mota aikin babba. Kuskuren rumfata ne, ni na yi shi, ni zan gyara." Kafin la'asar ya cire fallayen, ya wanke shakazoba ya zuba mai marar kauri, motar ta koma lafiya lau. Amma Alhaji ya kwashe motocinsa ya mayar Zariya gyara, direbobi kuma suka laƙaba wa Malam Garba suna Mai-Amalanke, wai ya mayar da mota amalanke. Da na tare shi a bayan rumfa ina hawaye, ya ce, "Ni na riga na yi suna, in ya yage zai ɗinku. Kai yanzu kake saƙa naka. Kada in ji ka ta da maganar nan."

Sunan nasa bai ɗinku ba. Aiki ya ja baya, rumfar ta kasa ɗaukar mutum biyu, shi ya nemo mini wuri a Ikara, ya riƙa turo mini direbobi yana cewa na fi shi hannu. Ni kuwa na fake da umarninsa na yi shiru, don shirun ya yi mini daɗi. Akwai ranar da aka kira shi da sunan tsokanar nan a tasha, aka yi dariya, ni ma na murmusa.

Ranar sadakar uku Alhaji Mudi ya zo gaisuwa. Ya ce, "Allah Ya jiƙan Garba. Kuskurensa ɗaya na sani, na kuma yafe masa." Sai na ji na miƙe tsaye. Na ce, "Alhaji, ba shi ba ne. Ranar da aka kawo motar yana Nasarawan Doya. Ni ne." Alhaji ya sunkuyar da kai, sannan ya ce, "To yanzu wa zan nemi gafara wurinsa?" Ni ma tambayar da nake yi ke nan.

Ya Allah, Malam Garba ya rufa mini asiri a duniya alhali bai zama dole ba. Ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba matarsa Inna Hajara da 'ya'yansa biyar haƙurin wannan rashi, Ka tsare mutuncinsu, Ka sa a riƙa kiran mahaifinsu da sunansa na gaskiya. Amin.