Jan Babur da Ɗanyar Fata

A bayan wani shagon tayoyi a Mokola na fara ganinsa, an jingine shi da bango an yafa masa tsohon buhu. Irin baburan tseren nan ne da muke kira fawa baik, masu tudun tanki, waɗanda mai tuƙi ke kifa ƙirji a kai. Mai shi ya faɗi da shi a hanyar Legas ya karya ƙafa, matarsa ta ce ba za ta sake ganinsa a gida ba. Robobin gefen hagu sun farfashe, fitila ta mutu, ɓeraye sun cinye wayoyin ciki. Lokacin ina gyaran waya a wani shago kusa da shataletale, kullum sai na bi ta wurin, kullum sai na ɗaga buhun na leƙa. Daga ƙarshe na saye shi da abin da na daɗe ina tarawa, na turo shi da ƙafa har unguwarmu, Sabo.

Baba yana zaune kan benci a ƙofar gida. Sana'arsa fata ce: yana sayen ɗanyar fatar shanu a mayankar Akinyele, ya sayar wa matan Yarbawa masu yin ganda. Mutum ne da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya dubi babur ɗin tun daga taya har madubi.

"Gawar wa ka kawo mana?"

"Tawa ce, Baba. Gyarawa zan yi."

"Da wa ka yi shawara?"

Ya yi murmushi ya ce, "To, Allah ya sa alheri. Shigar da shi."

Umma ce ta matsa min wuri a soro, inda take jera kulolin zoɓo da kunun aya da take sayarwa daga gida. A nan na kwashe damina da rani. Wani bakanike Bayarabe ya buɗe min injin, sauran aikin kuwa da hannuna na yi. Na wanke kabureta da fetur da tsohon buroshin haƙori. Na ja sababbin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, abin da ya zo min da sauƙi tunda hannuna ya saba da ƙananan abubuwa. Robobin da suka fashe na ɗinke su da waya, na cike, na goge da sanfefa har fatar yatsuna ta saɓule. Da ya fara kama da babur sai kwaɗayi ya shige ni. Na sauke hannun tuƙi ƙasa, na cire kujerar baya na rufe wurin da roba mai tsini, na sa gajeriyar salansa mai ƙara. Fenti kuwa ja na zaɓa, irin jan tattasai.

Abin da ya fi komai faranta min rai a watannin nan shi ne Baba. Bayan la'asar sai ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Ya tambayi sunan wannan, ya tambayi aikin wancan. Wata rana har ya riƙe min sifana ina ɗaure noti. Ranar da fentin ya bushe ya shafa tankin da bayan hannunsa ya ce, "Kai, wannan kamar daga kwali." Tun ina yaro ban taɓa samun hirarsa haka ba. Na gaya wa Umma, ta dube ni kawai ta ci gaba da ɗaure zoɓonta.

Ranar wata Juma'a babur ɗin ya tashi. Ƙararsa ta cika layinmu, tattabarun maƙwabta suka watse. Bayan an sauko daga masallaci na hau shi, na zagaya shataletalen Mokola na dawo. Abokaina da ke zama wajen mai shayi suka taso suka kewaye ni, masu ɗaukar hoto na yi, masu ihu da Yarbanci na yi. Hawa ɗaya ke nan da na yi masa a kamannin da na ba shi.

Da safiyar Litinin Baba ya ce in bar makulli, in tafi aiki a keke, akwai malamin da zai zo ya yi wa babur addu'a. Na miƙa masa da hannu biyu.

Na dawo da yamma na tarar babu babur a soro. Umma ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Suna wajen mai walda, bayan masallaci."

Tun daga nesa na hango robobin a zube a ƙasa, wani ya taka ɗaya ta tsage. An yanke bayan babur ɗin da zarto. A wurin an dasa kariyar ɗaukar kaya ta ƙarfen kwana, mai faɗi kamar gadon yaro, an liƙa ta da walda a jikin firam. Tartsatsin wuta ya ɗiɗɗiga a kan tankin, jan fentin duk ya yi baƙaƙen tabo. Mai waldar ya kasa kallona, ya ce da Yarbanci a hankali, Baba ne ya ce a yi. Baba kuwa yana gefe yana ɓare goro.

"Baba, me na yi?"

"Ba ka yi komai ba. Aiki ka yi mai kyau. Jira na yi ka gama, don ban ga amfanin yi wa mataccen babur kariya ba." Ya jefa goron a baki. "Duk abin da ya kwana a gidana aikina yake yi. Gobe za ka fara ɗauko min fata daga Akinyele."

Haka aka yi. Kowace safiya mahauta su lafta min ɗanyun fatu, in ɗaure da igiyar roba. Jini da ruwa su riƙa ɗiga a kan salansa mai zafi suna ƙauri, ƙudaje na bina in na tsaya. Hannun tuƙin da na sauke don gayu shi ya zame min azaba: ina kife, kaya na danna min baya, wuyan hannuna na zogi. Da farko ta lungu nake shigowa. Baba ya ji labari, ya ce lungu yana ɓata taya, in riƙa bi ta babban layi. Wato ta gaban mai shayi. Salansar da na sa da hannuna ita ke sanar da zuwana tun daga nesa, kafin in iso duk sun juyo sun toshe hanci. Suka sa min suna Mai Ganda. Mai shagon waya ya gaji da rashin ganina da safe, ya ɗauki wani.

Sau ɗaya Umma ta yi magana. Muna cin tuwo ta ce, "Malam, yaron nan ya ji jiki. A sassauta masa." Baba ya gama cin abincinsa tsaf, ya wanke hannu. Washegari ya sa aka fitar da kulolinta tsakar gida, ya ce daga yau a soro za a riƙa ajiye fata. Masu sayen zoɓo suka zo, suka ji wari, suka daina zuwa. Ba ta sake cewa komai ba, ni ma ban so ta sake ba.

Babur ɗin ba a yi shi don dako ba. Kafin shekara ta zagayo firam ya tsage a wajen waldar, sannan wata rana kuloci ya ƙone a hawan Mokola, kaya na bayana. Na sauka na turo shi, masu okada na wucewa suna min tsiya. Baba ya zagaya shi ya ce, "Ashe ma ba shi da ƙwari." Ya kira 'yan gwangwan, suka zo da guduma suka farfasa shi a ƙofar gida. Da injin ya ƙi rabuwa da firam, ni ya aika in ɗauko sifana, ya ce ai ni na san inda notinan suke. Na durƙusa na kwance musu.

Bayan nan na kama ɗaki a Mokola, na koma gyaran waya a wani shagon. Ina zuwa gaishe su duk Juma'a. Ban sake sayen babur ba, ko na okada.

Ranar ɗaurin aurena, bayan an shafa fatiha, manya suka zauna a ƙarƙashin rumfa. Ina wucewa na ji Baba yana ba surukaina labari. Ya tashi tsaye da babbar rigarsa, ya sunkuya ya miƙa hannuwa gaba, yana nuna yadda nake kifewa a kan tanki da fatu a bayana. Mahaifin matata ya yi dariya har ya sarƙe, yana cewa, "Alhaji, haka ake tarbiyya." Baba ya hango ni ya yafito ni da hannu.

"Ga shi nan. Ango, ko na ƙara gishiri?"

Na durƙusa na ce, "A'a, Baba. Haka aka yi."

Ya ce, "Madalla. Je ka ce a ƙaro wa baƙi ruwa."

Na tashi na tafi na faɗa.