Hutun Binciken da Anti Rifkatu Ba Ta Tafi Ba

Shekara takwas ke nan da rasuwar Dakta Rifkatu, wadda mu ƙananan malaman jami'a da muka taso a hannunta muke kira Anti. Na daɗe ina ɗage wannan rubutu. Duk shekara in watan rasuwarta ya kama sai in ce bana zan yi, sai aiki ya sha kaina. Bana kuwa wata magana da mijinta ya gaya mini ce ta hana ni sakat, dole na zauna.

Ni 'yar Suleja ce, a unguwar Hashimi aka haife ni, nan kuma na yi aure. Ita daga Filato take, aikin mijinta na koyarwa a sakandare ne ya kawo su, suka kama haya a unguwar Bagama, daga baya suka yi ɗan gininsu. Sashe ɗaya muke, na labarin ƙasa, a wata jami'a da sai an wuce Madalla da Zuba kafin a kai. Lokacin da aka ɗauke ni mataimakiyar malama, ita kaɗai ce mace mai digiri na uku a sashen. Ranar da ta ji daga Suleja nake zuwa sai ta ce, "Sa'a, ki daina bin motar haya. Gobe ki tsaya mini a bakin titi."

A cikin wannan tsohuwar motar tata, a cunkoson Madalla, na koyi abin da babu wanda ya gaya mini a ofis. Ita ta fara sanar da ni cewa yawan shiga aji ba ya kawo ƙarin girma, sai maƙalar da mutum ya buga a mujallar ilimi. Ta ce maza suna da majalisarsu ta bayan tashi aiki inda manya ke tsegunta wa ƙanana irin waɗannan abubuwa, mu kuwa a lokacin muna hanyar gida za mu ɗora tukunya. Ta gargaɗe ni da kada in yarda in zama sakatariyar kowane kwamiti. "In aka ce ki raba lemo a taro, ki raba sau ɗaya don ladabi. Na biyu ki ce kina da aji."

Ranar Asabar kuwa falonta ne makarantarmu. Kowa ya zo da abin da ya rubuta, ta bi shi layi-layi da jan biro, ba ta jin kunyar cewa wannan shafin shirme ne. Ba mata kaɗai ba. Akwai Malam Danladi, ɗan Gbagyi daga wajen Sabon Wuse, wanda shan inna ya bari da sanduna biyu. Shekararsa ta farko duk azuzuwansa a saman bene aka sa su, shi kuma ya yi shiru don kada a ce daga zuwansa ya fara ƙorafi. Anti ce ta yi ta sintiri ofis-ofis har aka sauko masa da su ƙasa.

Abin da ya haɗa ni da ita fiye da kowa ya faru ne a shekarar da aka ba ta hutun bincike. Ta daɗe tana nema. Maƙalu kaɗan suka rage mata a sa sunanta cikin masu neman kujerar farfesa, wannan hutun ne kuma zai ba ta sararin kammala su. A shekarar ce na haifi tagwaye ta hanyar tiyata, wa'adin digirina na uku yana gab da ƙarewa. Aka gaya mini a sashe cewa babu mai riƙe mini kwasa-kwasaina, ko in dawo aji ko in haƙura da karatun. Na riga na yanke shawarar haƙura. Sai ga Anti ta zo barka da kwanon gwate, ta zauna a bakin gado ta ce ta ɗage hutunta zuwa baɗi, ita za ta ɗauki azuzuwana.

Na ce, "Anti, ba zai yiwu ba. Naku aikin fa?"

Ta ce, "Hutun ba ya gudu. Naki wa'adin ne ke gudu. Ba ni yarinyar nan in gani."

Baɗin ya zo, layi ya wuce ta, aka ba wani. Shekarar da ta biyo baya ciwo ya bayyana a nononta. Ta yi ta fama tsakanin asibiti da aji har ƙarfinta ya ƙare. Ta rasu tana babbar malama, matsayin da na tarar da ita a kai.

Yau ni farfesa ce, ni ce kuma shugabar tsangayarmu. Malam Danladi yana shugabantar wani sashe a wata jami'ar. Sau da yawa nakan tambayi kaina me Anti za ta ce da za ta leƙo yanzu. Na san za ta ji daɗin ganin an yi wa gine-gine hanyar keken guragu, an kuma buɗe ɗakin renon jarirai kusa da laburare. Yanzu har kwamiti muke da shi na tallafa wa mata da masu buƙata ta musamman da 'yan ƙananan ƙabilu su ci gaba a aiki, ni nake jagorantarsa. Mukan shirya bita a otal, a yi jawabai, a ɗauki hoto. Amma na san tambayar da za ta yi mini bayan ta gama kallon hotunan: a cikin yaran nan, rubutun wa kika karanta a watan nan? Zaman Asabar ya mutu tare da ita. Har yanzu a Suleja nake kwana, sai dai direba ke ja na, kuma nakan hangi ƙananan malamanmu a bakin titi suna jiran mota, ni kuwa ina bayan mota ina amsa waya.

Watan jiya na je Bagama wajen mijinta, Baba Bitrus, wanda ya yi ritaya tuntuni, in gayyace shi taron da za mu sa wa shirin kwamitin namu sunanta. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran shukar tumatir. Bayan mun gaisa na tambaye shi jiki, na fara gaya masa abin da zan faɗa a jawabina. Shi ne dai abin da muka saba faɗa duk lokacin da aka ambace ta: Anti mace ce da muƙami bai dame ta ba, ci gaban wasu ne kawai farin cikinta.

Ya ajiye fartanyar ya dube ni. "Wa ya gaya muku bai dame ta ba?"



Ya ce, "Ta so, 'yata. Ta so ƙwarai. Tun muna saurayi da budurwa take cewa sai an kira ta farfesa a ƙauyensu. Ranar da ta je ta ɗage hutun nan, da ta dawo ɗaki ta shige ta yi kuka, ko abinci ba ta ci ba. Da safe ta wanke ido ta dafa miki gwate."

Na ce, "Baba, ban sani ba."

"Ba ta so ki sani ba. Ni ma ba don ki ji ciwo na faɗa ba. Amma in kuka ce ba ta so, kun mayar da abin da ta ba ku ba komai ba."

Tun daga ranar nake juya maganar. Ba ni na roƙe ta ba, ba kuma ni na sa mata ciwo ba, kowa da kwanansa. Duk da haka nauyin bai sauka daga ƙirjina ba. Na gane labarin da muke bayarwa a kanta mu yake yi wa daɗi, don yana sauƙaƙa mana zama a kujerun da muke kai. Yana kuma rufe wata tambaya: me ya sa sai wata mace ta ajiye nata kafin wata ta ci gaba? Na kai wa majalisar malamai shawara cewa a riƙa ɗaukar malamin wucin gadi in mace ta tafi haihuwa, a kuma riƙa lissafa renon ƙananan malamai cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Har yanzu ana cewa za a duba.

Abin da ya rage na Anti ba sunan da za mu manna a allo ba ne. Mu ne, mu da muke tsaye gaban ɗalibai a jami'o'i daban-daban, kowa da abin da ya kwasa a hannunta. Allah Ya ƙara wa iyalinta haƙuri. Ranar taron Baba Bitrus ya zauna a sahun gaba, ni kuma na ajiye jawabin da na shirya na gaya wa jama'a gaskiya. Dakta Rifkatu ta so ta zama farfesa, ta kuma cancanta. Ba ta zama ba. Mu muka zama.