Katantanwar Malam Labaran

Shekara goma sha shida Malam Labaran ya yi yana koyar da Fizis a wata sakandare a Dubai, kullum yana baro unguwarsu ta Al Nahda kafin motocin garin Sharja su cushe hanya. Mutum ne mai tsari. Ko allo zai goge, daga dama yake farawa. Abu ɗaya ke dagula masa zuciya: sunan Shu'aibu.

Ɗaki ɗaya suka zauna a jami'a a Zariya, kuma Labaran ke gaba a kowace jarrabawa. Da gurbin karatu a waje ya fito, ya ƙi shi, domin ya riga ya sami aikin koyarwa. Shu'aibu ya karɓa. Yau farfesa ne, aikinsa harba ilektron cikin ƙwayar zarra don ya ɓamɓaro furoton ko niyutron daga cibiyarta.

Wata Asabar Shu'aibu ya biyo ta Dubai, ya yada zango a gidan Malam. Ana shan shayi Najiba, 'yar Malam da ke ajin ƙarshe a jami'a, ta tambayi baƙon dalilin daidaita juyin ilektron kafin a harba.

"'Yata, kin san katantanwa?" in ji Shu'aibu. "In yara suka murza ɗari, wasu dama wasu hagu, suka bugi tarin goriba, ba ki gane komai. Amma in duk gefe ɗaya suke juyawa, inda goribar ta faɗa shi zai gaya miki yadda cikin tarin yake."

"Kai, Baffa! Baba bai taɓa warware mini shi haka ba."

Malam ya ajiye kofin shayinsa. Misalin nasa ne. Shi ya ƙirƙiro shi a ɗakin nan na Zariya.

"Mutumina, ba ni ita ta yi digiri na biyu a wurina," in ji Shu'aibu.

"Ma gani," in ji Malam.

Kwana tara wasiƙar neman gurbin tana kan teburinsa. Najiba ba za ta aika ba sai da yardarsa, kuma kunya ta hana ta tuna masa. Ranar da za a rufe karɓa, ya ɗauki jan biro, ya gyara waƙafi biyu, ya miƙa mata.

"Yalla, maza aika. In kin je, ki gaya wa Baffanki 'ya'yan kanya na ce masa a Zariya, ba goriba ba. Katantanwa ba ta iya ture goriba."