Kwatan Lemun da Sufeto Ya Sha

Ku sabbin malamai da jikinku ke ɓari in an ce sufeto zai zo, ku matso ku ji. Ban taɓa mantawa da wata ranar Talata a zango na biyu ba, lokacin ina koyar da aji huɗu a wata firamare ta bayan Fadan Kagoma. A ƙa'idar aikinmu, sabon malami yana zaman gwaji ne, sai sufeto ya shiga ajinsa ya ga koyarwarsa ya rubuta rahoto kafin a tabbatar da shi. An riga an ɗage nawa sau ɗaya, kuma hedimasta ya gaya mini in aka sake, sai dai in koma gida noman citta.

Darasin ranar shi ne yadda bakwai bisa huɗu yake zama ɗaya da uku bisa huɗu. Na yanka lemu biyu, kowanne gida huɗu, na shanye kwata ɗaya tun a ofis, ashe yara na kallona ta taga, na jera bakwai a faranti.

Ina cikin rubutu a allo sai ga sufeton, Malam Shu'aibu, dattijo daga Kafanchan, ya sauka daga babur yana ta gumi. Yara suka gaishe shi, ya zauna a bencin baya, ni kuma na ci gaba da rubutuna. Ashe Godiya, monitar aji, ta tuna tarbiyyar gida. A wajenmu ba a barin baƙo yana kallon abin ci. Ta lallaɓa ta ɗauki kwata ɗaya, ta durƙusa ta miƙa masa. Shi kuwa bawan Allah ƙishi ya dame shi, ya yi bisimilla ya tsotse.

Na juyo da ƙarfin gwiwata na ce, "Ku ƙirga abin da ke faranti."

Suka haɗa baki, "Shida!"

Wayyo! Na leƙa faranti, shida ne kuwa.

Sufeto ya goge baki ya ce, "Malama, allo ya ce bakwai, faranti ya ce shida. Wa za mu bi?"

Sai a lokacin na hango ɓawon a hannunsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, faranti za mu bi." Na kira Godiya na ce ta haɗa mana lemu. Ta haɗa kwata huɗu suka zama guda, saura biyu. Na rubuta shida bisa huɗu, na tambaye su nawa ke nan. Suka ce ɗaya da rabi.

"To bakwai bisa huɗun fa?" in ji sufeto.

Godiya ta ce, "Ɗaya da kwata uku ne, Baba. Amma kwata ɗaya yana cikinka."

Aji ya kece da dariya, shi ma har da riƙe ciki. Da ya natsa ya ce, "In ina son lemu biyu cif, kwata nawa za ku ba ni?" Suka ce takwas. Ya ce, "Ina na takwas ɗin?" Yaran nan, marasa rufin asiri, duk suka nuna ni da yatsa.

A ofis ya ce wa hedimasta ya ga malamai da yawa da in darasi ya kauce wa abin da suka shirya sai su huce a kan yara, ni kuwa ko harara ban yi wa yarinyar ba. Kafin zango ya ƙare aka tabbatar da ni.

Don haka nake ce muku, yaranmu ba sa ajiye tarbiyyar gida a ƙofar aji, kada ku dake su a kanta, ku yi lissafi da ita. Ni dai har na yi ritaya, in zan koyar da bakwai bisa huɗu, ban ƙara shan na takwas ba. Na baƙo ne.