Awon Bindigar Ubansa

Kowace Juma'a bayan la'asar yana tsugune a kasuwar gwanjo ta Jidda, gaban tabarmar Abdulghaffar mai sayar da tsofaffin bindigogin toka. Mai tsugunon nan dattijo ne busasshe, jallabiyarsa duk ƙunar tartsatsi, da gani maƙeri ne. Na'ibi ake ce masa, daga Sudan ya hauro.

Ba ya taya komai. Sai ya aza bindiga a cinya, ya bi bututunta yana aunawa da taƙi, leɓensa na motsi.

"Ya ammi, halas mana! Baffa, ya isa haka! Me kake nema ne?" in ji Abdulghaffar.

"Irin ta ubana nake son ƙerawa, ɗana. Ya bar mini awonta da ka, amma da hannunsa ya auna. Hannun yana kabari a Gadarif, can Sudan."

Wataƙila ya taɓa ƙera ta da awon nasa hannun, ya ɗura albarushi, ya harba, ta fashe masa a hannu. Allah masani. Abin da ido ke gani dai, idan ya ware hannu a kan ƙarfen, babban yatsa ne ke tafiya shi kaɗai. Na tsakiyan da ake cika taƙi da shi babu.

Ya ajiye, ya ɗauki wata.