Dabinon da Na Shuka da Ƙwallo

Ranar sunan ƙanena Sani, a ƙarshen sanyin shekarar da aka sa ni makaranta, na tsaya bayan Abba ina kallon ana dasa wa jaririn dabino. Al'adar ƙauyen da muke zaune ce, duk yaron da aka haifa sai a yanko ɗan da ya tsiro a gindin uwar dabino mai kyau, a dasa da sunansa a bakin hanyar ruwa. Haj Mas'ud, mai gonar da Abba ke yi wa aiki, shi ya zaɓi uwar da kansa, bai ce ai ɗan baƙo ne ba. Ni kuwa a Damagaram aka haife ni, don haka ba ni da ko kara a gonar, kuma abin ya ci mini rai. Da aka watse na tsotse dabino guda, na tona rami bayan ɗakin injin ban-ruwa, na binne ƙwallon yadda na ga kakata na binne gyaɗa a gida.

Ƙauyen ƙarami ne, can gefen birnin Sabha, a ƙasar Larabawa hayin hamada, a zamanin da rediyo ke ta cewa Afirka gida ɗaya ce, mutanenmu na shigowa ba a tsananta tambayar takarda. Akwai famfo a kowane gida, wuta ba ta cika ɗaukewa ba, burodi kuwa har awaki ake ba ragowarsa. In muka je gaida ƴan'uwan Inna a unguwar Tayuri cikin Sabha, muka ga yadda suke cunkushe a ɗakunan kwano, sai in ƙagu mu koma. Ba a kulle ƙofa a ƙauyenmu, kuma duk gidan da magariba ta riski yaro a nan zai ci tuwon dare. Da safe mu yi layi a farfajiyar makaranta muna rera waƙa da Larabci, da yamma mu yanko wa awaki ciyawa, mu tsince tattasai, sannan mu baje a inuwa muna ƴar carafke da ƙwallayen dabino. Duk dabinon da ya faɗo ƙasa na yara ne, na sama kuwa ba mai taɓawa.

Ƙwallona ya tsiro. Da Abba ya gani sai ya ce, "Dabinon ƙwallo ba shi da tabbas, Hadiza. Sai ya girma ake sanin mace ne ko namiji." Inna ta ƙara da cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ban saurare su ba, na ci gaba da ba shi ruwa da gwangwanin tumatir, ƙawata Salma na tambayata kullum ko ɗan nawa ya fara tafiya. Shekaru suka shuɗe, na Sani ya fara ƴaƴa, nawa sai ganye. Da ya tashi yin fure kuwa, sai ga shi namiji. Namijin dabino ba ya ƴaƴa, kaɗan ake bari a gona saboda furensu, sauran a sare. Haj Mas'ud ya ce da Abba ya sare shi, wurin ya yi kusa da injin. Ranar ban ci abinci ba.

Abba ba mai roƙo ba ne. Lokacin ya zo daidai da hawan dabino, inda ake ɗaukar furen namiji a ɗaure a cikin na mace don ta yi ƴaƴa. Sai ya ce wa Haj a ba shi zuwa kaka, ya ɗebi furen nawa ya ɗaure wa layin da ke jikin katanga, har da na Sani. Daga baya ya gaya mini shi ma bai san abin da zai fito ba, kuma da layin ya lalace, da ya rasa aikinsa. Da kaka ta zo, sai da aka tallafe nonnan dabinon layin da igiya saboda nauyin ƴaƴa. Haj ya zagaya, ya tsinki ɗaya ya tauna, ya ce, "Ku bar wa yarinyar abinta." Daga shekarar maƙwabta suka riƙa aiko yara a sam musu furen Hadiza.

Mun baro ƙauyen a shekarar da ƙasar ta rikice, a bayan babbar mota, da katifu da tukwane. Yanzu a Damagaram nake, ƴaƴana a leda suka san dabino, kuma da la'asar nake kulle ƙofa. Sani bai taɓa tambayar nasa ba. Ni ma ban sani ba ko nawa na nan tsaye, direbobin da ke zuwa daga Sabha ba su san bayan ɗakin injin ba. Amma in na sayi dabinon da suka kawo, nakan daɗe da ƙwallon a hannu kafin in jefar.