Ranar da Aka Goge Wayar Yaya

Yaya ce ta fara nuna mini cewa dafaffen ƙwai zai iya shigewa kwalba ba tare da an tura shi ba. A waya ta nuna mini. Lokacin tana karatun kimiyya a Dutsin-Ma, mu kuma muna Kurfi, sai Juma'a take zuwa gida. A can makarantarsu take tara bidiyoyin, saboda a unguwarmu sabis ba ya ja. Bayan la'asar mukan zauna a gindin dalbejiyar tsakar gida, ta jingina wayar da buta, mu haɗa kai.

Gilashin wayar ya tsage ta kusurwar dama, duk wanda ya fito a ciki sai tsagar ta ratsa masa kafaɗa. A haka na ga wani mutum ya goga balan-balan a gashinsa, ya kawo ta kusa da famfo, siririn ruwan ya lanƙwasa yana bin ta. Na ga an kife kofi a kan kyandir cikin faranti, wutar ta mutu, ruwa ya hau kofin da kansa. Wanda na fi so shi ne furen da aka tsoma cikin wani ruwa mai hayaƙin sanyi, aka matse shi ya farfashe kamar tangaran. Turancinsu ya yi mini sauri. Yaya takan tsayar da bidiyon ta fassara, ta ƙara da nata.

Ni ba mai magana ba ce. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Amma a gindin bishiyar nan ina tambaya har Yaya ta ce in bar ta ta haɗiye yawu.

Wata Asabar ta ce mu ma yau za mu yi namu. Ta jera kofunan gilashi uku, ta zuba zoɓo a kowanne, ta miƙa mini wayar in ɗauki bidiyo. Na farko ta bar shi yadda yake. Na biyu ta matsa masa lemun tsami, ya ƙara ja. Na uku ta ɗiga masa ruwan kanwa, sai ya yi duhu, ya koma kore-kore kamar ruwan kududdufi. Na yi ƙara ban sani ba.

"Auta, riƙe da kyau mana," in ji ta. "Hannunki na rawa kamar na tsohuwa."

Fuskarta ba ta fito ba, don ni ban iya ɗauka ba. Hannayenta ne kawai, da lallen da ya fara koɗewa a yatsunta, sai muryarta, sai dariyarta. Daga can madafa ana jin Inna tana faɗa, wai mun ƙarar mata da kanwa. Duka bai kai minti uku ba.

Cikin damina Yaya ta dawo gida da zazzaɓi ranar Laraba, ba ranar zuwanta ba. Kwana shida ta yi, ta rasu.

Ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun ragu, Kawu, yayan Inna da ke Birchi, ya shigo cikin gida ya ce a kawo masa wayarta. Ya ce wayoyin yaran yanzu cike suke da waƙoƙi da fina-finai, kuma duk wanda ya kalla bayan ran mai ita, alhakin bin ta zai yi har kabari. Gatan da ya rage a yi mata shi ne a share komai. Baba ya ce gaskiya ne. Gwaggonnina suka gyaɗa kai. Kawu ba mugu ba ne, shi ya kai ta asibiti a babur ɗinsa cikin ruwan sama.

Ina tsaye a bakin rumfa riƙe da kwanon ruwan sha. Kawu ya sa tabarau, ya daɗe yana lalube a wayar. Sannan ya ɗago.

"Akwai abin da wani yake so a ciki?"

Na san abin da zan faɗa. Kalmomin suna nan a jere a bakina. Amma na hango yadda za a juyo a dube ni, a ce mene ne, a ce a kunna a gani, dariyar Yaya ta fito a tsakiyar gidan makoki gaban manya. Na dubi ruwan kwanon, wani ɗan ganye yana juyawa a kai. Kawu ya jira. Ya jira fiye da yadda ake jira, wannan ba zan ɗora masa ba. Sai ya danna.

Bayan arba'in aka ba ni wayar. Wata 'yar ajinmu ta tura mini bidiyoyin kimiyya da yawa, har da na ƙwan da na furen. Ashe duk suna nan a duniya, kowa na iya samu. Ina kallo, wani lokacin har in yi murmushi, sai in kai wurin da ya kamata a tsayar a yi mini bayani.

Yaya 'yar fari ce, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, kuma ko ranar rasuwar ba ta yi kuka gaban mutane ba. Bayan an gama girbi, wani hantsi muna tsintar wake mu biyu, ta yi magana ba ta ɗago ba.

"Abin nan da waccan take magana a ciki, kunna mini in ji."

Ashe ita a zatonta waƙoƙin kawai aka cire. Na ce mata babu shi, ya tafi tare da sauran.

"Duka?"

"Duka, Inna."

Ta tambaye ni ko ina wurin lokacin da aka goge. Na ce ina wurin. Na jira ta yi faɗa, na so ta yi. Ta jawo faifan gabanta ta ci gaba da tsinta, tana ware masu kyau tana zubawa cikin tsakuwar da muka tsince ba ta lura ba, ni kuma ban gaya mata ba.